Ranar da Gadar Ƙarfe Ta Miƙe Ƙafa

Unguwar Gada,
ta hanyar Daura,
Rabi'ul Sani, 1426.

Zuwa ga ƙanena Ja'afaru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Rabi'atu da yara, Ya kuma buɗa maka kasuwa a can Kumasi, Ya tsare ka daga sharrin baƙunta. Mu nan gida kowa lafiya lau, in ban da zafin bazara da ke ta gasa mu, don har yanzu hadari sai dai ya haɗu ya watse.

Iya ta samu sauƙin gwiwar nan, har tana zuwa barka da ƙafarta. 'Yar'uwarmu Hasana ta sauka lafiya, an samu namiji, an raɗa masa Misbahu, kuma hancinka ya ɗauko sak, Allah Ya ba shi haƙuri. Goron da ka aiko ya iso, an raba. Hoton ma mun gani. Iya ta ce ka yi kyau, ni kuwa na ce tumbi ka ajiye, kuma gaskiyata ce. Wannan doyar da kuke daka ba ta bar ka haka ba.

Yanzu ka gyara zama, don dalilin takardar nan mai tsawo ne, kuma kan Baba ne da gadarsa. Na san ka san gadar kamar tafin hannunka, amma ina so ka karanta wa Rabi'atu da yaran da ba su taɓa ganinta ba, saboda haka ka yi haƙuri in faɗi abin da ka sani. Ku yara, a bakin garin ubanku akwai rafi mai faɗi, wanda da rani yashi ne zalla, da damina kuwa yana tafiya da bijimin sa. A kansa akwai gada ta baƙin ƙarfe, wadda aka sarƙe ƙarafanta wannan ya tokare wancan, hagu da dama har sama, kamar tsaikon ɗaki kafin a baibaye shi. Ba ta da ginshiƙi a tsakiya ko ɗaya. Daga wannan gaɓa zuwa waccan a sarari take, tana zaune kan ginin dutse guda biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma. Ni da nake tsallaka ta kullum zuwa makarantar da nake koyarwa, sai bana na tsaya na dube ta da idon basira, kuma wallahi tsigar jikina ta tashi.

Tun zamanin Turawa aka yi ta, lokacin da motocin gyaɗa ke maƙalewa a rafin in ruwa ya sauka. Tsofaffi sun ce a jirgin ƙasa ƙarafan suka zo Kano gunduwa-gunduwa, daga nan aka jido su a mota, inda mota ta kasa aka sa shanu. Maƙeran garinmu ne suka riƙa zuga. A gasa ƙusa mai kauri har ta yi ja wur, a cilla ta sama, wanda ke bisa ƙarfe ya cafe ta da gwangwani, a zura ta cikin huda, a yi ta dukanta da guduma kafin ta huce. Duk waɗannan kawunan ƙusa da muke ƙirgawa muna yara har mu gaji mu bari, kowane ɗaya da hannun mutum aka buga shi, a cikin rana, ba inji ba komai. Ginin dutsen nan biyu kuwa kakanmu Sama'ila ne ya jagoranci magina aka ɗora su. Allah bai ba shi tsawon rai ba, ya rasu Baba yana saurayi, ya bar masa sana'a da gada.

Ka kuma san yadda Baba ya riƙe ta. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai ya kira gayya, a share ta, a cire sheƙar tsuntsaye, a kwaɓa laka da makuba a yaɓe ƙafafunta, wato wurin da ƙarfe ya zauna kan dutse, kamar yadda ake yi wa gindin katanga don kada ruwa ya ci ta. Mata su yi fura, mu 'yan mata mu yi ta jidon ruwa, kai kuma ka ɓuya a bayan kuka har a gama. Ƙafar gabas ba ta taɓa ba shi wahala ba. Amma ta yamma, yau a yaɓe ta, kafin sati ya zagayo ta tsage. Baba yakan ce da ita mai taurin kai, ya ƙara mata kauri, ta sake tsagewa. Bayan tafiyarka sai ya ce ya gaji da wasa da ita. Ya samo siminti da tsakuwa, ya kafa katako, ya zuba mata ya cika ko'ina tam. Daga ranar ba ta ƙara tsagewa ba. Gari ya yi ta sa masa albarka, har a masallaci.

To, bara da kaka sai aka ga ginin dutsen yamma, na Kaka Sama'ila, ya fara darewa daga sama, tsaga siririya, tana ƙara yin ƙasa. Ka san tun da aka yi sabon titi da gadar siminti can nesa da gari, manyan motoci suka daina bi ta tamu, sai masu ƙafa da jakai da babura da amalanke. Sai ga 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, sun fara zarya. Su zo su tsaya suna ƙwanƙwasa ta suna kallon juna. Satar ƙusa dai ba wanda ya isa, don tun da aka kafa shari'a ko 'yan kartar da ke zama ƙarƙashinta sun watse. Amma waɗannan da takardar izini suke so su zo, su sa wuta su yanyanka ta, su loda a mota. Suka yi ta yaɗa cewa gada ta mutu, wata rana za ta rufta da mutane. Dagaci ya kai kuka, aka turo wani injiniya daga Katsina, sunansa Yazid, aka ce abin da ya rubuta shi za a bi: ko a bar ta, ko a sayar.

Yaro ne mai ladabi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya yini yana hawa yana sauka, ya ce ƙarfen lafiyarsa lau, irinsa ma ba a samu yanzu. Da ya zo ƙafar yamma ya ga siminti, sai ya dafe kai. A ƙofar gidan dagaci, gaban dattawa, ya yi bayanin da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni. Ya ce ƙarfe yana miƙewa in ya ji rana, yana kuma tsukewa in ya ji sanyi, don haka masu hikimar da suka yi gadar suka ɗaure ƙafa ɗaya, suka bar ɗaya a sake. Ya ce a ƙarƙashin simintin nan akwai wasu mulmulallun sandunan ƙarfe a kwance, kamar guntayen taɓare, a kansu gadar ke gangarawa gaba da baya kowace rana ta Allah. Tsagewar yaɓen da ake gani ba ciwo ba ne, tafiyarta ce. Da aka toshe ta, sai ta rasa inda za ta miƙe, ta koma tana tura ginin dutse. Sannan ya ce duk wanda ya zuba simintin nan shi ya shaƙe gadar. Bai san mai simintin ne tsohon da ke zaune a damansa ba. Maigidana Mansur yana wurin, shi ya ba ni labari. Baba ya jawo takalmansa, ya yi sallama, ya tafi.

Ja'afaru, ban taɓa ganin Baba haka ba. Ya daina zama a zaure, tuwo sai ya taɓa ya ture. Gari kuma ya rabu. Wasu suka ce injiniyan bakinsu ɗaya da 'yan gwangwan, so yake a fasa simintin gada ta faɗi a samu hujja. Suka ce yaushe ƙarfe ya yi rai da zai yi tafiya. Matasa suka rantse ba mai taɓa aikin Baba, Malam Mainasara, in dai suna numfashi. Shi kuwa Yazid, da ya gane katoɓarar da ya yi, ya zo har gida ya durƙusa ya ba da haƙuri, amma ya ce ba zai ɓoye gaskiya ba: in ba a saki ƙafar nan kafin ruwan farko ba, ginin zai ci gaba da darewa, kuma dole ya rubuta a cire gadar don kada ta hallaka jama'a. Ka ga ke nan magana ta dawo hannun Baba. In ya ce a fasa, ya yarda a gaban duniya cewa shi ya kusa kashe abin da ya fi so. In ya yi shiru, masu ƙaunarsa za su tsare masa simintin har a zo a yanka gadar. Ni dai ka san bakina. Na shiga na ce masa, Baba, mutuncinka ba a cikin buhun siminti yake ba. Iya ta jawo ni waje ta ce in ban rufe baki ba za ta rufe min. Na yi kuka ranar, don tausayinsa nake ji, haushinsa kuma nake ji.

Wata safiya ina tafiya makaranta sai na hango shi a gindin ginin yamma, shi kaɗai, da ɗan ƙoƙon laka a hannu. Ka tuna yadda yake yi in an kira shi duba katangar da ta tsage? Yakan shafa ɗanyar laka siririya a kan tsagar, ya tafi. In ya dawo ya tarar ta dare, ya ce tsagar mai rai ce, in kuwa tana nan, ya ce ta mutu, a cike ta kawai. To haka ya yi wa ginin ubansa. Na gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba. Da aka tashi makaranta, rana na tsakar ka, na dawo na same shi inda na bar shi, ya jiƙe da gumi. Lakar ta dare, har kana iya zura tsinke. Kashegari da sassafe na sake tarar da shi, ya yafito ni ya nuna min: bakin tsagar ya koma ya haɗe, kamar ba a taɓa buɗe shi ba. Ya ce da ni tun yana yaro yake duba katangu, ya ga masu buɗewa, bai taɓa ganin wadda ke buɗewa da rana ta rufe da safe ba. Ya ce wani abu ne mai ƙarfin gaske ke tura ta yana janyewa. Ya daɗe yana kallon ƙarafan da ke bisa kanmu, sannan ya ce in gaya wa Mansur ya kira masa yaron Katsina.

Ranar da za a fasa, gari kaf ya fito, har matan kulle sun samu izini sun tsaya daga nesa ƙarƙashin tsamiya. Yazid ya zo da leburorinsa, Baba ya ce su dakata, hannun da ya zuba shi zai fara fasawa. Ya cire babbar riga, ya ɗauki guduma da cizal. Ka san shekarunsa. Matasan nan da suka yi rantsuwa suka tsaya sororo suna kallonsa yana dukan aikinsa, can sai ɗaya ya je ya karɓi guduma, sauran suka biyo. Simintin Baba kuwa ba na wasa ba ne, Yazid da kansa ya ce bai taɓa ganin kwaɓi mai ƙarfinsa ba, Baba ya ce ai shi ne abin kunyar. An so a gama da sanyin safiya, amma har rana ta take ana fama. A hankali sandunan nan suka fara bayyana, jere reras, tsatsa ta rufe su. Tsofaffi suka matso suna leƙe, wasu suka ce lalle sun tuna sun taɓa ganinsu suna yara, sun ɗauka ado ne.

Saura ɗan guntun siminti a maƙale tsakanin ƙarfe da dutse, Yazid ya ce kowa ya ja baya. Kafin a kai masa duka ma, sai ya fashe da kansa, ya yi tsalle ya faɗa yashi. Sai gadar ta yi wata irin ƙara. Ban san yadda zan kwatanta maka ba. Ba tsawa ba ce, ba kuma kukan dabba ba ne, wani gurnani ne mai zurfi da ya taso daga ƙafar yamma ya bi ƙarafan ɗaya bayan ɗaya har gaɓar gabas, na ji shi a tafin ƙafata da cikin ƙirjina. Tsatsa ta zubo kamar garin barkono, tattabarun da ke sama suka tashi gaba ɗaya. Mutane suka watse da gudu ana salati, ni ma ba zan yi maka ƙarya ba, takalmina ɗaya a can na baro shi. Da na waiwaya, Baba na tsaye inda yake, tafin hannunsa a kan ƙarfen. Gadar ba ta faɗi ba. Ta matsa ne kawai, ta zauna.

Aka kankare sandunan, aka wanke da baƙin mai, aka cusa musu giris. Kashegari bayan sallar asuba Baba ya ja layi da gawayi a kan dutse, daidai bakin ƙarfen. Ranar Asabar ce, ba makaranta, na kai masa koko na zauna tare da shi. Ba ka ganin motsinta, ko ka zura ido har ya yi ruwa. Amma da hantsi layin ya fara shigewa ƙarƙashin ƙarfe, kafin azahar ya ɓace ɗungum, ta wuce shi da kamar faɗin yatsa. Da la'asar ta yi sanyi sai ga layin yana dawowa. Ja'afaru, wannan abu da shanu suka jawo gunduwa-gunduwa, wanda manyan motoci suka bi ta kansa bai girgiza ba, rana kawai ke taɓa shi ya miƙe, inuwa ta taɓa shi ya koma. Tun kafin a haife mu yake haka, muna ta wucewa a kansa da tallanmu da surutunmu ba mu sani ba. Liman da ya zo ya gani ya ce babu abin da Allah Ya halitta da ba ya bin umarninSa, har baƙin ƙarfe, mu ne dai ba mu lura. Na ji kaina ƙarama ƙwarai a wurin, kuma na ji daɗin hakan.

Baba ya ci gaba da shafa lakarsa a kan tsagar ginin, har aka wayi gari ta yini ba ta dare ba. Ya ce yanzu ta mutu. Yazid ya dawo ya auna da nasa kayan, ya ce haka ne, aka cike ta. Ya rubuta a bar gadar don masu ƙafa da dabbobi da babura, a kuma riƙa shafa mata fenti. 'Yan gwangwan ba su sake zuwa ba. Gayya tana nan, amma Baba ya ce daga bana shara da giris ne, duk wanda ya kawo laka kusa da ƙafar yamma shi da shi ne.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da ya faɗa min shekaranjiya da yamma, muna zaune a wurin, kuma ya ce in rubuta maka. Ya ce bayan rasuwar Kaka, ranar da ya fara zuwa duba gadar a matsayin magini, ya ga ƙafar gabas a ɗaure daram, ya ga ta yamma da gurbi a buɗe tsakanin ƙarfe da dutse. Sai gabansa ya faɗi, ya ɗauka ubansa ne ya yi kuskuren awo, gini bai kai ba. Bai gaya wa kowa ba, ko Iya. Ya kwaɓa laka ya rufe wurin don kada wani magini ya gani ya yi wa mamaci dariya, ya ƙirƙiro gayyar don a riƙa rufewa kowace shekara. Duk tsawon rayuwarsa yana ganin asirin ubansa yake rufawa, yana kuma ɗauke da wannan nauyi a zuciya, cewa babban aikin Sama'ila da aibi a jikinsa. Ya ce ashe gurbin nan da gangan aka bar shi, daidai yadda ake so, ko kaurin gashi bai kauce ba. Sai ya zura yatsunsa cikin gurbin yana shafa dutsen, hawaye na bin gemunsa, ya ce ubansa bai yi kuskure ba. Ya maimaita, yana dariya yana kuka. 

Iya tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan Khairat da Raihana. Mansur da Hasana da Goggo Hadijatu duk suna gaisuwa, haka dagaci da liman. Ka gaishe min da Rabi'atu da kyau, da maigidanka Alhaji, da duk 'yan Daura da ke zango. Baba ya ce in Allah Ya kai mu bazara mai zuwa ka zo da yaran, kada ka zo da sanyi, don a cikin zafi ta fi tafiya. Ya ce yana so ya nuna musu aikin kakan ubansu da hannunsa, tun yana iya sauka gangaren.

Allah Ya sada mu da alheri.

Yayarka,
Maiturare Mainasara